Jan Salatif a Faifan Malam Kwafi Uku

Idan ka shiga kwalejin fasaha ta ƙofar baya, wadda ke kallon rumfar da nake gyaran babura, ka wuce ɗakin masu walda, ka hau matakala goma sha bakwai da kowace ɗayansu ta taɓa cin gwiwata, za ka tarar da wani allon sanarwa mai fasasshen gilashi. Allon nan ya fi shekara ashirin yana haɗiye takarda guda duk ranar Litinin. Mai ciyar da shi ɗan kawuna ne. Idan ina son wani abu a wurinsa ina ce masa Yaya. In ba haka ba, da sunan da ɗalibai suka laƙaba masa nake kiransa: Malam Kwafi Uku.

Ba malami ba ne fa. A takardar aiki, mai kula da ɗakin kwamfuta ne. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa, shi ke hure ƙura, shi ke rarrafe a ƙarƙashin tebura yana bin waya kamar wanda allurarsa ta faɗi. Siriri ne har idan ya juya gefe sai ka tambaya ina ya shiga. Gilashin idonsa kuwa, kaurinsa ya kai gindin kwalba, na rantse da shi za a iya kunna wuta a tsakar rana. Magana kamar da ƙaramin cokali aka auna masa. Ni kuma aka ba ni tawa, aka haɗa mini da tasa, shi ya sa tun muna yara ake ce mini Rediyo. Karatuna a aji biyu na sakandare ya yi faci, ban sake hura shi ba. Don haka in kun ga na karkace a wani bayani na kwamfuta, ku yi haƙuri, a bakin Yaya na tsinta.

Takardar Litinin, haka ake kiran abin da yake maƙalawa. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Rabin sama labarai ne: an fito da sabuwar manhaja, wata cutar kwamfuta na yawo a filas, 'yar ma'ajiyar nan ta aljihu, ga yadda 'yan damfara suka sake salo. Rabin ƙasa kuma shawarwari, gajeru kamar maganarsa. Kada ka sa shekarar haihuwarka ta zama lambar sirrinka. Kada ka zare filas tana cikin aiki. Kada ka buɗe abin da ke cikin faifan da ba naka ba, ko da an bar shi a gabanka. A can ƙarshe, kowane mako, layi ɗaya da bai taɓa canzawa ba: abin da kake so, yi masa kwafi uku, ka ajiye a wuri uku.

Na sha ganin ƙato mai gemu ya zo yana hawaye, aikin kammala karatunsa ya ɓace saura kwana biyu a miƙa. Yaya zai ɗago ya dube shi ta saman gilashi.

"Kwafi nawa ka yi?"

"Ɗaya, Malam."

"To ba ka yi ba."

Sannan ya ja kujera, ya zauna, ya bar cin abincin rana, har sai ya tono wa yaron aikinsa daga inda ya nutse. Na taɓa ce masa, "Kai da za a ba ka gawar kwamfutar da ta shekara a rijiya, sai ka sa ta yi atishawa." Ya ce, "Rediyo, matsa, ka tsaya mini a haske."

Akwai kuma dokar salatif, wadda ko ƙadangarun kwalejin sun sani, ban da ni. A ɗakin akwai kanta cike da tsofaffin faifan ajiya, wato ɗan akwatin ƙarfen nan mai faɗin tafin hannu da kwamfuta ke tara komai a cikinsa. Wanda aka liƙa wa koren salatif, mai amfani ne, kada a taɓa. Wanda aka liƙa wa ja, na koyon aiki ne: a kwance shi, a goge shi, a yi yadda aka ga dama. Shekara ashirin ina shiga ɗakin nan shan sanyin fanka, ban taɓa tambayar dalilin kalar ba. Ni a wurina salatif salatif ne.

Yanzu bari in kawo Anti, matarsa, Allah ya jiƙanta.

Har yau ban gane yadda aka yi Yaya ya samo ta ba. Tela ce, kekenta na bakin taga a falo. Idan ta yi dariya sai tantabarun maƙwabta sun tashi. Ita kaɗai ce ta taɓa kayar da ni a surutu, kuma tana ɗinki take yi, allura a baki. Da ta ga Takardar Litinin karo na farko, sai ta ce, "Wannan ai ba rubutu ba ne, hukunci ne. Wa zai tsaya a rana ya karanta wannan?" Daga nan suka ɗauki wata al'ada tasu su biyu. Duk ranar Lahadi da la'asar, ita za ta karanta takardar da ƙarfi, shi kuma ya kafa ɗan makirfo a kan keken ɗinki yana naɗa. In ta gama, ya saurara, duk inda harshenta ya yi tuntuɓe, nan zai gyara.

Sai dai Anti ba ta iya karatu salin alin ba. Za ta karanta, "Kada ka ba kowa lambar sirrinka," sai ta ƙara, "har da matarka, ko? To mun ji, Malam." Za ta karanta labarin sabuwar kwamfuta mai saurin tsiya, ta ce, "Ta iya sa maɓalli a riga? To ba ta kai ni ba." In jimla ta yi tsawo, sai ta tsaya tana haki da gangan. "Malam, numfashina ya ƙare, yanka ta biyu." Shi kuma yana gefe yana murmushin nan nasa da sai ka sa tocila kafin ka gani. Duk wannan ya shiga naɗi. Kukan jaririyarsu ya shiga, ƙarar keke ta shiga, ni ma da nake faɗowa lokacin shayi na shiga, ana korata.

Shekara biyar suka yi a haka. Sai wani ciwo ya zo, bai yi wata biyu ba ya tafi da ita. 'Yarsu, wadda muke kira Auta duk da ita ce farin ita ce ƙarshen, tana da shekara huɗu.

Yaya bai yi kuka a gaban mutane ba. Abin da ya yi shi ne abin da ya iya. Ya tattara muryoyin nan ya yi musu kwafi uku: ɗaya a kwamfutar gida, ɗaya a faya-fayan sidi, ɗaya a wani faifan ajiya da ya manna wa 'yar takarda da sunanta. Ya naɗe faifan a ɗankwalinta, ya sa a gwangwanin biskit, ya ɗora a saman kabad. Daga ranar bai sake kunna ko ɗaya ba. Keken ɗinkin ma rufe shi ya yi da zani, yana nan a bakin taga. Litinin ɗin da ta biyo bayan rasuwar, takarda ta fito a allo kamar kullum. Sai dai jimlolin sun koma dogaye.

Shi ya raini Auta, da taimakon goggonninta. Kitso ne kawai ya gagare shi. Ya taɓa gwadawa sau ɗaya, yarinya ta fito kai kamar an haɗa wayoyin gidan sama biyu a wuri guda, na yi sati ina dariya. Ta tashi a ɗakin kwamfuta, ta iya riƙe sukundireba kafin ta iya riƙe cokali. Shiru-shiru kamar ubanta, amma in ta harare ka, uwar ce sak.

Wata rana tana 'yar shekara tara, tana zaune a rumfata tana jiran a tashi aiki, sai ta ce, "Baffa Rediyo, yaya muryar Mama take?"

Na ce, "Kamar an kunna lasifika goma a cikin tulu."

"Baffa, da gaske nake."

Na koma kan babur ɗin da nake gyarawa. Da yamma na tare Yaya na ce, "Kai, kana da muryar uwar yarinyar nan har kwafi uku a gida, tana yawo tana tambayar makanike. Ka kunna mata mana."

Ya daɗe yana goge gilashi da gefen riga. "In na kunna, ni ma zan ji."

"To sai me?"

"Ba yanzu ba. In ta girma. Suna nan, ba inda za su."

Auta ba ta ma san akwai su ba. Ni kuma, da wannan bakin nawa da ba ya riƙe ruwa, na riƙe wannan shekara tara. A rubuta mini shi a cikin ayyukan kirki, don ba su da yawa.

Bana ta shiga kwalejin, sashen kwamfuta, ta zama ɗalibar ɗakin da ta yi rarrafe a ciki. Sai ga Yaya a rumfata wata Asabar, ya ce ya yanke shawara: ƙarshen zangon farko zai ba ta muryoyin. Zai zuba mata duka a sabuwar filas. Na ce, "Shekara goma sha huɗu kana ɗumama wannan shawarar, ai ta ƙone." Bai kula ni ba.

Washegari ya kira ni gida, Auta ta tafi wurin goggonta. Na tarar da shi zaune a ƙasa. Tsohuwar kwamfutar gida ya jona, ta yi ƙas-ƙas-ƙas kamar mai tauna tsakuwa, ta yi shiru har abada. Faya-fayan sidi kuwa ya baje su a tabarma. Fatarsu mai ƙyalli ta saɓule, in ka ɗaga kana hango taga ta ciki. Ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya amsa.

"Saura ɗaya," ya ce, yana kallon gwangwanin biskit. Faifan da ke ciki kuma tsohon yayi ne, wayar da ke shiga bakinsa sai a ɗakin aiki.

Ranar Laraba da safe na ɗauke shi a babur, ya rungume gwangwani kamar mai kai jariri asibiti. Duk ramin da na shiga sai ya mintsine ni. Muka hau sama kafin ɗalibai su zo. Ya warware ɗankwalin, ya jona faifan. Faifai ya yi 'yar ƙara, ya ɗauka. Sunayen naɗe-naɗen suka jeru a fuskar kwamfuta, ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ya kai hannu ya danna ɗaya daga tsakiya.

Ƙarar keken ɗinki. Sannan ita.

"Labari na biyu. Malam, wai dole sai na karanta waɗannan lambobin? Rediyo, ajiye kofin nan, ba naka ba ne!"

Sai dariyar.

Wallahi sai da na dubi hannuna ko akwai kofi. Yaya ya kashe da sauri kamar ya taɓa wuta. Ya cire gilashi ya kifa kai a tebur. Ban taɓa ganin ƙeyarsa tana rawa ba sai ranar.

Ana haka masinja ya leƙo, wai shugaban sashe na nemansa yanzu-yanzu, taro kan sababbin kwamfutocin da za a kawo. Yaya ya share fuska, ya zare faifan a hankali, ya ajiye a kan teburinsa. "In na dawo zan kwafe. Ba na son in bar shi a jone ba na nan." Ya cusa ɗankwalin a aljihu, ya fita.

Na zauna ni da faifai. Sai na lura 'yar takardar da ke ɗauke da sunan Anti ta ɗago, gam ɗinta ya bushe, fanka na kaɗa ta, saura kaɗan ta tashi. Na ce a raina, bari in yi wa Yaya abin arziki sau ɗaya a rayuwa. Na ja aljihun tebur, salatif ɗin da hannuna ya fara taɓawa na ɗauka. Ja ne. Mu kuma masu gyaran babur ba mu san liƙi ɗaya ba. In muka kama waya sai mun naɗe ta ta koma kamar ƙafar mai karaya. Haka na yi. Na zagaya, na sake zagayawa, har sunan ya shige ciki ɗungurungum, ko iska ba za ta same shi ba. Na ajiye shi a inda yake, na sauka rumfa ina jin kaina kamar injiniya.

A makon nan Takardar Litinin kan goge faifai ta yi magana. Yaya ya rubuta cewa share abu daga kwamfuta ba ya nufin ya tafi, yana nan kwance, mai wayo zai iya tono shi. In za ka rabu da faifai, sai ka bi kowane lungu nasa ka rubuta wani abu a kai, sannan ka maimaita. Kuma ranar Laraba ce 'yan shekarar farko ke gwajin wannan da hannunsu. Tsarin shi ne kowane ɗalibi ya ɗauki faifai mai jan salatif ya goge, daga baya Yaya ya bi da kayan tononsa. In ya iya ciro ko da hoto ɗaya, ka faɗi.

Taro ya ja. Malamin darasin, sabon zuwa ne mai son kiyaye lokaci, ya ce ba sai an jira ba, kowa ya ɗauki ja. Na kan kanta suka ƙare, saura mutum ɗaya ba ta samu ba. Auta ta hango wani a kan teburin babanta, ja jawur, ya fi kowanne ja. Ta ɗauka. Ba ta buɗe ta ga abin da ke ciki ba, domin tun tana 'yar shekara shida take karanta cewa ba a buɗe faifan da ba naka ba.

Daga wannan taron aka wuce da Yaya sito ƙirga kwalaye, bai dawo ba sai bayan azahar. Ni ma na hau a lokacin, don in ga ko zai yaba aikina. Na tarar ɗalibai sun yi layi, kowa da faifansa, malamin na tsaye da takardar maki yana duba agogo. Ko teburinsa Yaya bai kai ba suka tare shi a bencin gwaji. Ya fara. Na farko, ya tono masa tsofaffin wasiƙu. Na biyu, hotuna. Wani dogo da ya yi ta cika baki, Yaya ya ciro masa waƙa sukutum ya kunna, aji ya fashe da dariya. Duk wanda ya zo sai an samu wani abu a ƙarƙashinsa.

Sai Auta. Ya jona nata, ya saki kayan tono. Muka jira. Ya canza wani, ya sake saki. Babu. Ya gyara zama, ya fito da na ukun, wanda yake ji da shi. Fuskar kwamfuta fayau kamar an wanke faranti.

"Sau nawa kika bi?"

"Uku, Malam." A aji Malam take ce masa.

Ya juyo ga ɗalibai, ga murmushin nan, yau ko tocila ba a buƙata. "Ku duba. Haka ake yi. Wannan ko ni ban isa in dawo da komai ba." Aka tafa mata. Ni na fi kowa, har da fito.

Ya zare faifan zai miƙa mata, sai ya tsaya. Ya juya shi. Shi liƙi ɗaya yake yi, ɗan guntu a kusurwa. Wannan kuwa an naɗe shi kamar mai karaya. Ya ɗaga kai ya hango teburinsa, babu faifan a kai. Ya sa farce ya fara warwarewa, zagaye ɗaya, biyu, uku. Salatif ya taso da 'yar takardar manne a jikinsa, sunan a juye.

Ni na gani. Auta ba ta gani ba, tana karɓar gaisuwar ƙawaye. Yaya ya dunƙule salatif ɗin a tafinsa, ya ce da malamin, "A ba ta cikakken maki." Muryarsa ba ta ko girgiza ba. Ya sallami aji, ya ce da Auta ta wuce gida zai biyo baya.

Da ɗakin ya zama daga ni sai shi, na ce, "Yaya, menene jan yake nufi?"

Ya gaya mini.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na ce, "Ni ne. Takardar ce ta ɗago. Yaya, ka mare ni. Ka ɗauki wancan abin ka rotsa mini kai, don Allah."

Ya buɗe tafinsa ya warware salatif ɗin. Fanka na ta juyawa.

"Kai ka naɗa salatif," ya ce. "Ita ta yi abin da na koya mata. Shekara goma sha huɗu kuma wa ya hana ni buɗewa?" Ya dubi faifan. "Ko minti ɗaya ban bari ta yi ba, Rediyo. Tana cikin dariya na kashe."

Kwana uku yana fama. Ya san babu, shi da bakinsa ya faɗa a gaban aji, amma ya yi ta jonawa yana sakin kayan tono, yana zaune yana kallon fayau. Na ɗauke shi muka je wurin wani abokinsa mai gyara a kasuwa, wanda ake cewa ko faifan da mota ta taka yana tayarwa. Mutumin ya duba, ya ce, "Wanda ya goge wannan ya san aiki. Wa ya koya masa?" Yaya ya karɓi abinsa muka fito.

Ranar Litinin, karo na farko tun kafin a haifi rabin ɗaliban nan, allo ya kwana da tsohuwar takarda. Auta ta sauko rumfata da rana.

"Baffa, me ke damun Baba? Ba ya cin abinci. Jiya na ga ya buɗe keken Mama yana kallo."

Na sa kai cikin injin babur har kunne. "Mura ce."

"Baffa, kai fa ba ka iya ƙarya gajera ba. In ka yi gajera, to akwai magana."

Na ce ta tambayi ubanta. Da ta tafi na yi sa'a guda ina ɗaure noti ɗaya.

Lahadi da la'asar Yaya ya aiko a kira ni. Na tarar ya yaye zanin keken, ya ajiye kujera a gabansa, takarda ɗaya a hannunsa. Ya miƙa wa Auta. "Karanta mini da ƙarfi. Inda kika yi tuntuɓe zan gyara."

Ta dube shi da mamaki, ta zauna, ta fara. Babu labarai a wannan makon, shawara ɗaya ce.

"Kwafin da ba ka buɗewa ba kwafi ba ne. Wani mai kula da ɗakin kwamfuta ya naɗi muryar matarsa sau ɗari biyu da goma sha ɗaya. Da ta rasu ya yi kwafi uku, ya ajiye wa 'yarsu, bai gaya mata ba, bai kuma sake buɗewa ba, saboda tsoro. Biyu suka lalace a ajiye. Na ukun ya bar shi a kan tebur ranar gwajin goge faifai..."

Nan ta tsaya. Idonta ya gangara ƙasan takardar ya dawo. Ta dubi hannayenta.

"Wanda na ɗauka a teburinka."

"Laifin ba naki ba ne. Karanta, na rubuta a ƙasa."

"Muryar Mama ce a ciki?"

"E."

"Tana ta magana, ni kuma ina..." Ba ta ƙarasa ba. Ta kifa kai a kan keken, shi ya tsaya a kanta da hannu a sama, ya rasa inda zai ɗora. Daga baya ya ɗora a kafaɗarta.

Ni kuma bakin nan nawa ya ga shiru ya kasa haƙuri. Na ce, "Auta, ai ba a yi asarar komai ba. Muryarki ce sak tata. Da kika fara karatun nan sai da na waiga. Wallahi ko ita ta dawo ba za ta bambance ba."

Yaya ya girgiza kai. "Rediyo, ban da yau." Ya juya gare ta. "Ba irin taki ba ce. Tata ta fi kauri, tana da wani ɗan karcewa in ta yi dariya. Ranar Laraba na ji, ina riƙe da ita har Juma'a. Yanzu in na nema, kalmomin kawai ke zuwa."

Ta ɗago, fuska jiƙe. "To ku ba ni kalmomin."

Muka zauna muka ba ta. Na faɗi na kofin shayi, na faɗi na kwamfutar da ba ta iya sa maɓalli ba. Yaya ya faɗi na numfashi ya ƙare, yanka ta biyu. Ban ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya ba, kuma sai na ga ashe abin da muka riƙe mu biyu bai cika cokali ba. Shekara biyar ta magana, muka kwashe ta kafin shayi ya huce.

Ban lura ba sai daga baya, ashe ta ɗora wayarta a kan keken tana naɗa.

Takardar ta fito ranar Litinin, an yanke dogayen jimlolin biyu. Ɗalibai suka yi cincirindo a gaban allo. Layin ƙarshen nan da bai taɓa canzawa ba ya samu ƙari: kwafi uku, wuri uku, kuma ka riƙa buɗewa.

Yanzu duk Lahadi Auta ke karantawa, wayarta a kan keke. Takan ja babanta da tambaya don ya yi magana, shi kuma yana ba da amsa da ƙaramin cokalinsa. In sun gama sai ta kunna na makon jiya, dole ya zauna ya ji. Ni ma ina zuwa lokacin shayi, sai dai ba mai korata.

Faifan yana nan a gwangwanin biskit, cikin ɗankwali, a saman kabad. Babu komai a cikinsa, Yaya ya fi kowa sani. Ranar da zai mayar da shi na ga ya yanko ɗan guntun koren salatif ya liƙa a kusurwa.